Barbaɗa garin kurkum a kan ciwo: laushin gari ba ya sa shi ratsa jiki

An daɗe ana cewa muddin aka daka maganin gargajiya ya yi luƙwi, aka tankaɗe, to da an barbaɗa a kan ciwo zai ratsa ya warkar. Masu wannan fahimta suna da hujjarsu, domin kurkum na ɗauke da sinadarin kurkumin mai rage kumburi.

Sai dai sinadarin kurkumin kaɗan ne a cikin garin, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, haske ma yana lalata shi. Shi ya sa masu bincike suke tace shi, su naɗe shi a cikin ƙwayoyin nano (ƙananan ƙwayoyi da ake auna girmansu da nanomita) na mai ko na kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande. Nanomita 1 kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kai kuwa ya kai nanomita 80,000. Turmi da rariya ba sa kai gari ga ƙanƙantar ƙwayoyin nano. Naɗin yana kare sinadarin, yana sakinsa a hankali. Ko hakan ma, yawancin gwajin a kan dabbobi aka yi shi.

Ku gwada a gida: ku dama kurkum a kofin ruwa ku ajiye, za ku ga ya kwanta a ƙasa, amma a man gyaɗa launin zai bi man.

Abin da ya fi damuna shi ne tsafta. Garin da aka shanya a ƙasa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tetanus. A wanke ciwo da ruwa mai tsafta, mai zurfi kuma a je asibiti.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.