Ba Kowace Ƙarar Keke Ce Ke Neman Mai Ba

Daga garin Mai Wurno har Gadarif a Sudan, an daɗe ana ɗauka cewa da zarar keke ya soma ƙara, maganinsa shi ne a malala masa baƙin mai. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi, domin a ƙasa mai ƙura irin Sudan, man da ya yi yawa yakan kama yashi ya zama kamar dutsen washi, yana cinye sarƙa da haƙoranta a hankali. Sarƙa busasshiya ce ke buƙatar mai, shi ma ɗigo ɗaya a kowace gaɓa bayan an wanke ta da kananzir, sannan a goge ragowar da tsumma.

Sauran ƙararraki kuwa, lokacin fitowarsu ne ke nuna tushensu. Idan ƙarar ta ɗauke sa'ad da mahayi ya miƙe daga zaune, to a duba sirdi. Idan tana bin kowane juyin ƙafa, feda ce ko boris ɗin tsakiya. Kwaramniya a hanya mai gargada yawanci noti ne ya saki, sifana ta ishe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne birki. Kada mai ya taɓa robarsa ko gefen ƙarfen taya, domin keken zai ƙi tsayawa.