Ba girman duniya ke tsawaita zagayen tauraro ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan duniya ta fi girma, dole tauraron ɗan'adam ya daɗe kafin ya zagaye ta. Ba haka ba ne. Muddin yana tafiya dab da doronta, abin da ke yanke lokacin shi ne yadda jikinta ya cushe, wato nauyinta idan aka gwada da girmanta. Babbar duniya hanyarta doguwa ce, amma tana jan tauraron da ƙarfi, sai gudunsa ya ƙaru ya cike giɓin.

A tamu duniyar, da ba don iska ba, minti 84 ne. Makyuri, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya rana, wadda faɗinta bai kai rabin namu ba, kusan minti 85. Watan da muke gani a sama kuwa, duk ƙanƙantarsa, sai minti 108, domin jikinsa bai kai namu cushewa ba.