Waiwaye: Yadda aka fara auna tazarar mai shi da maras shi

Wanda ya ratsa kasuwar Dole a Damagaram ranar Alhamis, ya ga mai sayen gero buhu-buhu kusa da mai sayen rabin tiya, ya san akwai tazara. Aikin masana shi ne mayar da wannan gani zuwa lamba.

A 1905 wani Ba'amurke, Max Lorenz, ya jera jama'a daga mafi talauci zuwa mafi wadata, ya zana layin da ke nuna kason dukiyar da kowane rukuni ya samu. A 1912 Corrado Gini na Italiya ya fito da ma'aunin da ake kira da sunansa: 0 idan kowa ya samu daidai, 100 idan mutum ɗaya ya haɗiye komai. A 1967 Henri Theil na Holan ya kawo nasa, wanda ke iya rarrabe tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye daga wadda ke cikin kowanensu. Ga jiha irin tamu ta Damagaram, mai unguwannin Birni da Zango na cikin gari a gefe guda, ƙauyukan Mirya da Tanut a ɗaya gefen, a ganina wannan ya fi amfani.

A Nijar, hukumar ƙididdiga ta INS ce ke bi gida-gida, kamar yadda ta yi a 2011 da 2014. Ba da albashi ake yin awon ba, domin manomi ba ya da shi. Abin da gida ya ci ya kashe ake lissafawa, har geron rumbu da nonon akuya a yi musu kuɗi. Da haka ma'aunin Gini na Nijar ke fitowa tsakanin 30 da 40, alhali na Afirka ta Kudu ya haura 60.

Nan ne nake jin tsoron a ruɗe mu. Attajiri komai arzikinsa cikinsa ɗaya ne. Shanunsa da filayensa da motocinsa na haya ba sa bayyana a kwanon tuwo. Ƙaramar lamba kuma tana iya nufin mafi yawan jama'a sun yi kunnen doki ne a cikin rashi. Ga kuma lokacin zuwan mai tambaya: gidan da aka tarar da kaka, rumbu cike, shi ne za a tarar a watan Yuli ana cin sau ɗaya a yini, samarin gidan sun tafi cin rani Kano ko Agadas ba su dawo ba.