Ƙaramin filin jirgi a ƙauye: me ake bukata kafin jirgi ya sauka?

Mutum zai iya mallakar filin jirgi a gonarsa?

Zai iya, amma ba da gaban kansa ba. Sai hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta duba wurin ta ba da izini. A kewayen Zariya kuma akwai ƙarin lura, domin ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi, wadda aka kafa a 1964, suna atisaye a sararin nan.

Tsawon titin nawa ne zai wadatar?

Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172 yana bukatar kusan mita 500 kafin ya tashi ya haye bishiya mai tsayin mita 15. Amma wannan lissafin bakin teku ne, a kan kwalta, da sanyin yanayi. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, ga zafin Afrilu. Iskar ba ta da kauri, inji ba ya ja sosai, fukafukai ba sa ɗauka da wuri. Ciyawa ma tana riƙe taya. Don haka mita 500 ba za ta isa ba; mai hankali zai nemi 900 ko fiye.

Wace fuska titin zai kalla?

Jirgi yana tashi yana sauka ne fuskantar iska. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka a shimfiɗa titin bisa wannan layin. A kafa jakar iska, mai nuna inda iska take kaɗawa, a kan sanda inda matuƙi zai hango ta daga sama.

Me ya fi ɓata fili?

Ruwa da gara. A zuba marmara a daddaɓe, tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, a haƙa magudana. Suri kuwa cikin 'yan kwanaki yake tasowa, kuma yana iya karya ƙafar gaba ta jirgi. A taka titin da ƙafa kafin kowace sauka. Idan burtali ya ratsa kusa, shinge dole ne, tare da fahimtar juna da makiyaya.

Hazo fa?

Irin wannan fili ba shi da na'urar jagora, da ido ake sauka. Idan ganin nesa bai kai kilomita 5 ba, jirgi ya zauna a ƙasa.