Dokokin sufuri da kuɗin hanyoyin tarayya a Sakkwato

Hanyoyin tarayya su ne manyan titunan da doka ta ɗora wa Gwamnatin Tarayyar Najeriya alhakin ginawa da gyarawa. Tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin al'amuran da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke da ikon yi wa doka, kuma Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta damƙa kula da su ga ministan ayyuka. Sauran titunan an raba su tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi. A Jihar Sakkwato guda biyu ne ginshiƙai. Akwai A1, wadda ta taso daga Legas ta bi ta Kwantagora da Jega da Tambuwal ta ratsa birnin Shehu har Illela, bakin iyaka da Birnin Ƙonni. Akwai kuma A126, wadda ta nufi Gusau da Funtuwa da Zariya.

Rashin dogo

Abin da ya sa waɗannan tituna suka fi nauyi a nan shi ne jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Reshen da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, inda ake lodin gyaɗa da auduga, daga nan bai ƙara taku ɗaya ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ɗan guntun dogon da ake taƙama da shi ya tafi da ita. Saboda haka simintin Kalambaina, da shanun kasuwar Illela, da albasar Goronyo da Wurno, duk a bayan tirela suke fita. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaure buhunan albasa sun yi tozo sama da bodin mota, ya san kwana ɗaya da za a ƙara a hanya saboda ramuka asara ce, domin albasa ba ta jiran kowa cikin zafi.

Tun daga Dokar Hukumar Jiragen Ƙasa ta 1955, harkar dogo ta kasance ta tarayya ce ita kaɗai har zuwa 2023. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon shiga harkar su ma. Doka ta buɗe ƙofa, amma shimfiɗa dogo ya fi ƙarfin aljihun jihar da mafi yawan kuɗinta daga rabon arzikin ƙasa yake zuwa. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021 ta Katsina ya bi.

Inda kuɗin ke fitowa

Tushe na farko shi ne kasafin kuɗin shekara, kuma nan ne ciwon yake: a ware wa hanya kuɗi a takarda, a saki rabi ko ƙasa da haka, ɗan kwangila ya kwashe kayan aikinsa, damina ta cinye abin da aka yi. An sha neman hanyar kauce wa wannan. Asusun PTF na zamanin Abacha ya gyara tituna da rarar kuɗin mai kafin a rushe shi a 1999. Shingayen karɓar kuɗin hanya kuma an rushe su a zamanin Obasanjo.

A 2002 aka kafa hukumar FERMA domin gyaran hanyoyin tarayya. Gyaran dokarta na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da dizal, a ba FERMA kashi 40 na abin da aka tara, kashi 60 kuma ya tafi ga hukumomin gyaran hanya na jihohi. Shekara da shekaru ba a karɓi wannan kuɗi ba. A ganina wannan ne babban giɓi a duk tsarin, domin ramin da tifa ɗaya za ta cike bana, shi ne baɗi zai zama kwangilar miliyoyi, bayan ya ci rayuka.

A 2017 Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da takardun Sukuk na naira biliyan 100, aka raba kuɗin kan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Tsari ne na haya da babu riba irin ta ruwa a cikinsa, abin da ya sa ya karɓu a Arewa, kuma kowace naira an ɗaure ta da hanyar da aka ambata da suna. A 2019 wani umarnin shugaban ƙasa ya ba manyan kamfanoni damar gina hanya a cire musu kuɗin daga harajinsu.

Aiki mafi girma da ya shafi jihar yanzu shi ne titin Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar a Illela a 2024. Zai ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun kafin ya kai Legas.

Sufurin cikin gari

Hannun tarayya a zirga-zirgar cikin gari gajere ne. Gwamnatin Babangida ta fito da shirin motocin jigilar jama'a a 1988, shekarar da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, amma shirin bai yi ƙarko ba. A birnin Sakkwato 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep ne ke ɗauke da ma'aikaci da ɗalibi da mai zuwa asibiti, ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho kuma su ke tsara lodi a tasha. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuɗin abin hawa ya bi ta. Gwamnati ta ɓullo da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas, sai dai shirin ya dogara ne ga gidajen sayar da gas ɗin, kuma yawancinsu sun fara buɗewa ne a Kudu da Abuja.