Aljani da boka a filin tarihi: abin da dokar ƙungiyar SCA ta ce

A Amurka akwai wata ƙungiya da ake kira Society for Creative Anachronism, ko SCA a taƙaice, wadda membobinta suke sa sulke da kwalkwali, su ɗinka tufafin mutanen da, su dafa abincinsu, su yi faɗa da garkuwa da sandar ratan (wani irin itace mai kama da gora) a madadin takobi. Ta faro ne ranar 1 ga Mayu, 1966, da wata gasa da aka yi a bayan gidan Diana Paxson a garin Berkeley na jihar Kalifoniya. Yau tana da masarautu 20, wato yankunan da ta rarraba membobinta a cikinsu, kuma babban taronta na shekara, Pennsic, da ake yi a jihar Pennsylvania, kan tara mutane kusan 10,000. Tambayar da ta daɗe tana haddasa musu a cikinta ita ce: wanda ya zo da shigar aljani mai dogayen kunnuwa, ko ta boka mai jifa da tsafi, irin na wasannin almara su Dungeons & Dragons, yana da mazauni a wannan fili?

Kundin dokokin ƙungiyar, wanda suke kira Corpora, bai tsananta wa baƙo ba. Sharaɗin shiga taro shi ne mutum ya yi ƙoƙarin sa tufafi irin na kafin ƙarni na 17, ya kuma bi ƙa'idojin taron. Ƙoƙari aka ce, ba ƙwarewa ba. Sabon zuwa da ya ɗaura doguwar riga da ɗamara ya cika sharaɗi, kuma rassa da yawa suna da kayan aro da suke ba wanda bai da su. Amma shekarar 1600 ita ce iyaka, kuma abin da ake kwaikwaya shi ne rayuwar 'yan Adam da suka taɓa zama a doron ƙasa. Aljanin tatsuniya bai rayu kafin 1600 ba, bai rayu bayanta ba. Nan ne ya faɗi a ma'aunin.

Inda dokar ta fi fitowa fili shi ne wajen rajistar suna. Memba kan zaɓi sunan da za a riƙa kiransa da shi, kuma idan yana son a rubuta masa shi a kundin ƙungiya, sai ya kai wa majalisar masu tantance suna da tambari hujjar cewa mutane sun yi amfani da irin wannan suna a wani wuri kafin 1600. Ba a karɓar sunan da yake nuna mai shi ba ɗan Adam ba ne, ko yana da ikon sihiri. Ba a yarda ka ce kai ne wani sanannen sarki na tarihi ba, haka kuma ba ka ɗaukar muƙamin da ba a ba ka ba. Farar ɗamara, alal misali, ta baraden da aka naɗa ce kawai, kamar yadda ba kowa ke naɗa rawani mai kunne biyu ya shiga fadar Kano ba. A shekarun farko an yi rajistar wasu sunaye daga harsunan da marubuci Tolkien ya ƙirƙira. Daga baya aka rufe wannan ƙofa, amma ba a ƙwace wa waɗanda suka riga suka samu ba.

A filin faɗa ma haka. Wanda aka sara shi ne ke yanke hukunci da kansa ko saran ya isa ya kashe mutum mai sanye da sulke, sai ya faɗi. Babu wanda zai furta wasu kalmomi ya ce ya daskarar da abokin karawarsa, ko ya ta da matacce. Kundin ya kuma hana a yi wani bikin addini ko na tsafi ta yadda za a ɗauka da yawun ƙungiya ake yi, ko a tilasta wa wani ya kalla.

Masu son a buɗe ƙofa suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa ai ƙungiyar kanta cike take da ƙirƙira: masarautunta ba su taɓa wanzuwa ba, sarakunanta gasar faɗa ce ke fitar da su, kuma ita Paxson ɗin marubuciyar labaran almara ce. Ga mayaƙin Viking na arewacin Turai na ƙarni na 9 zaune kan tebur guda da samurai, wato mayaƙin Japan, na ƙarni na 16, to me zai hana aljani ya zauna? A ganina amsar tana cikin misalin nasu. Mutanen nan biyu kowannensu yana da inda za a je a bincika: yaya aka saƙa rigarsa, da me aka rina ta, me ya ci. Wani zai iya ce masa ya yi kuskure, ya nuna masa hoton abin da aka haƙo a kabari. Kunnen aljani kuwa ba shi da wurin tantancewa, duk yadda mai shi ya ce, haka ne. Kuma SCA tana da rajista ne a Amurka a matsayin ƙungiyar ilimantarwa da ba ta neman riba, don haka bincike shi ne dalilin kafuwarta a gaban hukuma.

Wannan ma'auni ya fi buɗe ƙofa fiye da yadda ake zato. Wanda ya zaɓi ya fito a matsayin baƙon fatake daga Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ko malami daga Timbuktu, yana cikin doka sarai, domin dukansu kafin 1600 ne.

Mai son tsafi da aljanu kuma ba a bar shi a rana ba. Akwai Dagorhir da aka kafa a 1977, da Amtgard da ta faro a El Paso ta jihar Texas a 1983, inda ake faɗa da makaman soso, kuma a Amtgard boka da mai warkarwa suna da nasu ƙa'idojin a rubuce. Mutane da dama suna cikin ɓangarorin biyu, sai dai kowane taro da kayan da ake sawa a je shi.