Duba tsohuwar motar tsere da yi mata kuɗi kafin saye

Duba tsohuwar motar tsere kafin saye bincike ne da mai saye ko bakanikensa yake yi don ya tabbatar cewa motar ita ce wadda aka ce ita ce, lafiyarta ta kai yadda ake faɗa, kuma kuɗin da aka sa mata ya dace da ita. Motocin da ake nufi su ne masu ƙofa biyu, yawanci kujera biyu, gajeru a ƙasa, waɗanda aka ƙera domin gudu da daɗin tuƙi a kan titi. Ƙungiyar FIVA, mai kula da harkar motocin tarihi a duniya, tana sa mota cikin sahun motocin tarihi idan ta kai shekara 30 kuma an adana ta yadda aka ƙera ta. Daga cikin sanannu akwai Jaguar E-Type da ta fito a 1961, da MGB (1962 zuwa 1980), da Porsche 911 mai sanyaya inji da iska (1964 zuwa 1998), da Datsun 240Z, da Peugeot 504 mai ƙofa biyu wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, sai Mercedes-Benz SL samfurin R107 (1971 zuwa 1989).

Wannan dubawa ta bambanta da ta motar hawa ta yau da kullum. A motar hawa, inji da giya ake fara tambaya. A tsohuwar motar tsere kuwa, bodi da takardu ne suke yanke hukunci, domin inji ana sauke shi a gyara, amma ƙarfen da tsatsa ta cinye, ko lambar shasin da aka taɓa, da wuya su koma yadda suke.

Inda ake samunsu a Jos da Abuja

A Jos, yawancin irin waɗannan motoci ba a wurin dillalai ake ganinsu ba. Suna cikin garejin tsofaffin gidaje, ko an lulluɓe su da tamfol a bayan gida tun rasuwar mai su, ko kuma an manta da su a garejin kanikawa. A Abuja an fi samun waɗanda masu sha'awa suka tara, da waɗanda baƙi suka sayar lokacin barin ƙasa.

Dokoki biyu suna shafar kasuwar. Hukumar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da za a iya shigo da ita. Iyakar ta daɗe a shekara 15, daga baya aka mai da ita 12, kuma tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Saboda haka duk motar 1978 da aka ce yanzu ta sauka, sai an ga takardar da ta shigo da ita. Ta biyu ita ce ta gefen sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma ƙa'idojin hanya na yanzu ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin Ingila da yawa da suka shigo kafin wannan lokaci haka suke, wasu kuma an juya musu sitiyari a gareji. Juyin da aka yi da yanka da walda yana rage darajar mota, yana kuma iya zama haɗari.

Shaidar mota da takardunta

Abu na farko shi ne lambar shasi. Ana karanta ta a inda aka buga ta a jikin ƙarfe, a gwada da ta farantin da aka manna, sannan da ta takardu. Idan wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ko akwai sabon fenti a nan kaɗai, magana ta ƙare sai an sami bayani. Lamba mai haruffa 17 ta zama ƙa'ida ne daga 1981, kuma ba a sa I da O da Q a cikinta. Motocin da suka girmi wannan shekara kowane kamfani da tsarinsa, shi ya sa binciken tarihin mota ta intanet, irin na Carfax, ba ya aiki a kansu.

Lambar tana tona asirin tambarin da aka canza. A Mercedes R107, 107.042 tana nufin 280 SL, 107.046 kuma 500 SL, to idan bayan motar ya ce 500 amma shasi ya ce 042, kuɗin 280 za a biya. Porsche 911 Carrera RS 2.7 ta 1973 guda 1,580 kawai aka ƙera, kuma an mayar da 911 na gama-gari masu yawa zuwa kamarta. Masu tara motoci suna ƙara kuɗi sosai idan injin da ke ciki shi ne wanda motar ta fito da shi daga masana'anta. Ana tabbatar da haka da katin bayanan Mercedes, ko takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, ko daga ma'ajiyar tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon idan MG ce ko Triumph.

A gida kuma ana neman takardar kwastan, da shaidar mallaka, da tsofaffin lasisin mota, da takardun canjin mallaka tun daga mai ita na farko in da hali. Ana iya tantance lambar mota a wurin hukumar kiyaye haɗurra, a kuma bincika rajistar motoci ta 'yan sanda don gudun sayen kayan sata. Akwai matsalar da ta fi yawa a irin wannan ciniki: motar gado. Ɗa ɗaya ya sayar, bayan wata shida sauran magada su taso. Ana sayen irinta ne bayan an raba gado, ko da rubutacciyar yardar magada duka a gaban shaidu.

Bodi da tsatsa

Nan ne ake ɓata lokaci. Ana duba mota da rana, a busasshe, bayan an wanke ta, kuma dole a hau da ita kan rami ko a ɗaga ta. Wanda ya hana a leƙa ƙarƙashin motarsa ya riga ya ba da amsa.

Yawancin waɗannan motoci ba su da shasi na daban. Bodin ne ke ɗauke da nauyin komai. A marasa rufi abin ya fi tsanani, domin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi su kaɗai ke riƙe gaba da baya. Idan sun ruɓe, motar takan lanƙwashe a tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaga ta da jak ta gefe ɗaya, a buɗe ƙofa a rufe. In ƙofar ta cije ko tazararta ta canza, ƙarfen ciki ya tafi.

Kowane samfuri da wurin da yake ruɓewa. R107 tana ruɓewa a bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, inda ruwa ke taruwa a ƙarƙashin fankar iska idan magudanai sun toshe. Alamarta jiƙaƙƙen kafet, gyaranta kuma sai an kwance dashbod gaba ɗaya. MGB da E-Type a ƙarƙashin ƙofofi da daɓen ƙasa, kuma E-Type tana da siraran bututun ƙarfe masu riƙe inji a gaba, waɗanda ba a yi musu faci, sai dai a canza. A 240Z ana duba mazaunin batir da ƙarafan ƙarƙashin daɓe. Porsche ta fara shafa wa bodin 911 sinadarin hana tsatsa daga samfurin 1976, don haka waɗanda suka gabace shi sun fi buƙatar ido, musamman kusa da batir da gaban tayoyin baya.

Tarihin inda mota ta zauna yana da tasiri. Wadda ta yi rayuwa a arewacin Amurka ko Turai ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Wadda ta zauna Legas ko Fatakwal ta sha iskar teku. Motar Jos ta tsira daga waɗannan, amma damina a Filato tana da tsawo, kuma motar da aka lulluɓe da tamfol a kan ƙasa tana ruɓewa daga ƙasa zuwa sama, samanta na nan fes. Rana da hunturu su kuma suna fasa dashbod, su busar da robobin gilashi da fatar kujeru, ɓeraye su ci wayoyi.

Bodi-fila ita ce babbar hanyar ɓoye aibi. Ana bin jikin motar da ƙaramin mayen ƙarfe da aka naɗe da ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, yawanci fila ce. Na'urar auna kaurin fenti ta fi wannan: fentin masana'anta yakan tsaya kusa da maikuron 100 zuwa 150, abin da ya haura 500 kuwa akwai abin da aka rufe. Sabon baƙin kwalta a ƙarƙashin mota abin zargi ne. Tsohon fentin asali da ya koɗe ya fi sabon fenti mai ƙyalli daraja a wurin masana, abin da masu sayarwa da yawa ba su sani ba, sai su kai mota wurin mai fenti mako guda kafin tallarta su rage mata kuɗi da hannunsu.

Inji da gwajin tuƙi

Ana so a tarar da inji da sanyi, a taɓa shi kafin a tayar. Hayaƙi shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ke shiga, yawanci ta gaskit. Kumfa mai launin madara a murfin baƙin mai ita ma alamar haka ce. Ana auna matsin kowace silinda, kuma bambancinsu bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba.

A nan Jos tana da nata hukunci. Garin yana kusan mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba ta kai ta Legas kauri ba. Injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar tura ƙarin iska cikin inji) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato kusan kashi 12 a Jos, kuma injin da zai nuna matsi 150 a bakin teku zai nuna kusan 130. Bakaniken da bai lura da haka ba sai ya yanke wa lafiyayyen inji hukuncin cewa ringin fistan ɗinsa ya ci. Kafireton da aka saita a ƙasa shi ma yakan ba da fetur fiye da kima a kan tudu, fulogi su yi baƙi.

Akwai cututtukan da aka san wasu injuna da su. 380 SL ta kasuwar Amurka, daga 1981 zuwa 1983, ta zo da sarƙar taimin mai layi ɗaya, wadda in ta tsinke bawul da fistan suke haɗuwa. Injin 911 mai lita 2.7 na 1974 zuwa 1977 yakan tsige ƙusoshin da ke riƙe kan silinda. Ana auna baƙin man 911 ne inji na aiki kuma ya yi zafi, ba a kashe ba. Wanda ya saba da Volkswagen ƙwaro kada ya ɗauka abu ɗaya ne. Tsarin fesa mai na Bosch K-Jetronic, da ke cikin wasu daga waɗannan motoci, ba ya jure tsohon fetur, don haka motar da ta yi shekaru a ajiye ba a tayar da ita sai an wanke tanki. Injuna masu kan silinda na baƙin ƙarfe, irin na MGB, an yi su ne don fetur mai darma, wanda aka daina sayarwa a duniya tun 2021, sai a tambaya ko an sa musu mazaunin bawul mai tauri.

Gwajin tuƙi ya kai aƙalla rabin awa, da cunkoso da hawa, ana kallon allurar zafi da ta matsin mai. Ba a kai motar da ba a san birkinta ba Hawan Kibo, gangaren nan mai haɗari da ke hanyar Jos. Tayoyin da aka yi daga 2000 suna da lamba huɗu ta mako da shekara. Mai lamba uku ta girmi haka, ko da zanenta bai ci ba. Agogon tafiya mai lamba biyar yana komawa sifili bayan 99,999, saboda haka cin feda da kujerar direba sun fi shi gaskiya.

Yi mata kuɗi

Kamfanin Hagerty na Amurka yana raba motoci mataki huɗu: na 1 wadda ba ta da aibi ko kaɗan, ta gasar nuni, na 2 mai kyau ƙwarai, na 3 lafiyayya da ake hawa, na 4 mai tafiya amma da aibi a fili. A Jamus matakan biyar ne. Tazarar kuɗi tsakanin na 1 da na 4 takan ninka sau da yawa, kuma kusan kowane mai sayarwa yana ɗora motarsa mataki ɗaya sama da inda take. Farashin da ake dogara da shi shi ne wanda aka sayar, kamar sakamakon gwanjon Bonhams da RM Sotheby's da Bring a Trailer, ba wanda aka rubuta a talla ba.

Ƙaranci da samfuri suna juya lissafi. An ƙera MGB fiye da 500,000, R107 fiye da 237,000, don haka tsufa kaɗai bai sa su zama dukiya ba. MGB mai bambar roba, daga 1974, ba ta kai mai bambar ƙarfe kuɗi ba, E-Type ta farko mai rufaffun fitilu kuma ta fi na bayanta.

Farashin waje ba ya sauka Jos yadda yake. Masu saye a nan kaɗan ne, kayan gyaran kuma ba kasafai ake samunsu a Dilimi ko Zuba ko Apo ba, sai an yi oda da dala ko yuro an biya kuɗin fito. Lissafin da aka saba shi ne a ɗauki kuɗin lafiyayyar irinta, a cire gyaran da aka gani, a sake cire wani kaso na abin da sai an kwance za a gani. A misali, in lafiyayya ta kai naira miliyan 30, gyaran da aka lissafa miliyan 12, aka ware miliyan 4 na ɓoye, tayin bai kamata ya wuce miliyan 14 ba.

Bakaniken da zai duba mai saye ne ke kawo shi ya biya shi, kada ya zama na dillali, tunda la'adar dillali tana rataye ne da ƙulluwar ciniki. Sayen irin wannan mota ta hotunan waya cinikin biri a sama ne. Ba a ba da kafin alƙalami sai an rubuta sharaɗin mayar da shi idan bincike ya nuna wani abu. A fiƙihu mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, shi ya sa ake rubuta duk aibin da aka gani a takardar ciniki, tare da lambar shasi da ta inji, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu.